Tsakanin Kwarin Keita da Fadamar Haɗeja

Tun daga shekarun 1980, ƙasar Hausa ta ga manyan yunƙuri biyu na tara hukumomi a kan aiki guda don a ceto ƙasa da ruwa. Na farko a Keita ne, cikin Adar, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama ke dukan dutse ya kwashi ƙasar noma ya yi gaba. Na biyu a fadamar da ta miƙe daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, tsakanin Jigawa da Yobe, inda ruwa bai ƙare ba, sai dai ya daina zuwa a kan lokacinsa, ya kuma bar hanyoyinsa na gado. Dukansu an kira su haɗin gwiwa. An sa hannu a takardu, Turawa sun kawo kuɗi da ƙwararru, an yi taro an ɗauki hoto. Amma abin da aka shuka a wuraren biyu ya bambanta, haka ma abin da aka girba. Tunda yanzu ana sake zuba maƙudan kuɗi a irin wannan aiki a arewacin Najeriya, ya dace a jera su a gwada.

Ƙasar Keita hawa uku ce. A sama akwai shimfiɗaɗɗen tudu mai duwatsu, sai gangare mai tsauri, sai kwari a ƙasa inda ake da laka da gonaki masu kyau. Muddin akwai itatuwa da ciyawa a sama, a hankali ruwan damina ke saukowa, ya bazu a kwari, ya kwanta, ya ratsa ƙasa ya cika rijiyoyi. Farin 1973 ya kashe itatuwa masu yawa, gatari da bakin dabbobi suka ƙarasa saura, ga jama'a kullum ƙaruwa take. Tudu ya zama fako, ƙasar da ko fartanya ba ta kama ta. Daga nan ruwa ya daina tafiya ya koma gudu. Koramu suka yi ta cin bakinsu har suka zama kwazazzabai, ruwan da a da yake shayar da kwari ya koma wucewa ta rami mai zurfi cikin 'yan sa'o'i, gona na gefe tana kallo. Da farin 1984 ya zo, da yunwar da mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari saboda ta faɗo daidai da rufe iyakar Najeriya zamanin mulkin Buhari, ƙauyuka da dama sai mata da tsofaffi da yara. Majiya ƙarfi sun tafi cin rani, wasunsu ba da niyyar dawowa ba.

A wannan shekara ta 1984 aka fara abin da aka fi sani da Aikin Keita, kuma rabon aikin a fili yake. Gwamnatin Italiya ta ba da kuɗi. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kawo ƙwararru ta riƙe ragama, da wani ɗan Italiya mai suna Renato Carucci a gaba. Hukumar samar da abinci ta duniya, wadda a Nijar ake ce wa PAM, ta kawo abincin da ake sallamar ma'aikata da shi. Gwamnatin Janar Seyni Kunce ta ba da izini da ma'aikatanta na gona da na daji. Ofishin aikin kuwa a garin Keita aka ajiye shi, nesa da Yamai, inda shugaba zai fita da safe ya ga abin da aka yi jiya da idonsa. Yankin da aka fara da shi bai kai murabba'in kilomita 5,000 ba. Daga baya ne aka faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Dabarar ita ce a bi ruwa tun daga inda ya faɗo. A kan tudu, manyan injina suka fasa fako, aka ja dogayen kunyoyi aka jera musu duwatsu yadda ruwa zai tsaya a bayansu. A gangare aka haƙa ramuka a jere, kowanne da ɗan itacensa. A cikin koramu aka gina shingayen ragar waya cike da duwatsu, waɗanda ba sa hana ruwa wucewa. Ƙarfinsa suke karyawa, su sa ya sauke yashin da ya ɗauko. Can ƙasa aka yi ƙananan madatsai masu tilasta wa ruwa ya sake bazuwa a kwari kamar da, aka ɗaure tuddan rairayi masu tafiya, aka dasa layukan itatuwa don kare iska. Hikimar a bayyane take: duk abin da aka kashe a kwari, in tudun da ke samansa yana nan fako, damina ɗaya ta isa ta binne shi.

Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne. Su aka tarar a gida, su suka yi haƙa, su suka yi dashe, abincin da suke komawa da shi kuma shi ya riƙe gidaje a shekarun da rumbuna suka zama wayam. Zuwa farkon shekarun 2000, lissafin masu aikin ya nuna an farfaɗo da kusan hekta 35,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsai da shingaye masu yawa, da hanyoyin karkara fiye da kilomita 300, da rijiyoyi ɗaruruwa. Kuɗin da ya shiga cikin shekara 20 ɗin ya haura dala miliyan 80. Wurin da ya zama fako ya sake fitar da hatsi da ciyawa, a bayan madatsai kuma aka samu damar noman rani.

Labarin Haɗeja ya fi wannan tsawo, ya kuma fi shi sarƙaƙiya.

Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga duwatsun Filato yake tasowa ya ratsa Bauchi. Da sun wuce garin Haɗeja sai su faɗa ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin jigayi, su rarrabu hanya-hanya, su malala. Kowace shekara, wajen Agusta da Satumba, ruwa kan hau ya rufe fadama, ya yi makonni, ya janye a hankali. A kan wannan hawa da sauka aka gina rayuwar yankin duka. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa. In ruwa ya janye ya bi danshi da wake. Kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, masunta su tare shi a hanyar komawa. Da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Ruwan da ya nutse ya ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. Da hunturu tsuntsayen ruwa su zo daga Turai, bayan sun tsallake Sahara, su sauka a Dagona da Baturiya. Abin da ya rage ya wuce Gashuwa da Gaidam a matsayin Komadugu Yobe, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da jihar Difa, ya ƙare a Tafkin Chadi.

Sai aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa a 1992. Su biyun ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ba na cikin masu zagin waɗannan madatsai. Daga kogunan nan birnin Kano ke sha, kuma duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura da Bunkure da rani ya ga shinkafa da tumatir ya san ruwan Tiga ya ciyar da mutane. Amma abin da aka tare a sama, wani aka hana a ƙasa. Ambaliyar da a shekarun kirki, kafin madatsai da fari, take rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, a farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba.

Raguwar ruwan ma ita ce mai sauƙin fahimta. Babbar ɓarnar daga sauya masa ɗabi'a ta zo. A da, kogin kan zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa, da rani ya ƙafe ƙaf, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a ciki. Da madatsai suka zo sai ƙarfin damina ya ragu, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, saboda masu noman rani da masu shan famfo. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya bushewa: abin da ciyawar kachalla ke nema ke nan. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Tsohon kogin Haɗeja da hanyar Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya bi Marma zuwa tafkin Nguru. Sai aka wayi gari mutanen Marma na kukan ruwa ya cinye gonakinsu shekara da shekaru, 'yan uwansu na Burum Gana na kukan ƙishirwa, alhali tsakaninsu ba wata tafiya ba ce. Kwale-kwale ya kasa ratsawa, taru ya kasa shiga. Tsuntsun jan-baki ya samu masauki a cikin kachalla, daga nan yake fita ya afka wa shinkafa da gero. Makiyaya kuma, da wurin kiwo ya ƙuntata, suka ƙara matsowa kusa da gonaki, da duk abin da hakan ke haifarwa.

Tun farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka lissafa abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka samu cewa in da ruwan da aka kashe za a auna, fadama ta ninka shi riba nesa ba kusa ba. An daɗe da sanin wannan. Ba ilmi ne ya yi ƙaranci a Haɗeja ba.

Abin da ya yi yawa shi ne masu iko. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, kuma a rabon da aka yi, kogi ɗaya ya faɗa hannun biyu: saman yana wajen Hukumar Haɗeja-Jama'are mai hedikwata a Kano, ƙasan yana wajen Hukumar Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Ga jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, kowacce da ma'aikatar ruwa da ta gona da ta muhalli. Ga hukumar gandun daji ta ƙasa da ke kula da Dagona. Ga Jamhuriyar Nijar a ɗaya gaɓar, ga hukumar ƙasashen Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964. Kowa na da hannu a kogin, babu wanda kogin ke wuyansa.

Ƙoƙarin haɗa su ya fara ne daga masu son tsuntsaye. A 1987 Gidauniyar Kare Halittu ta Najeriya, NCF, tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, suka buɗe aikin kare fadamar a Nguru. Ba su daɗe ba suka gane cewa tsuntsu da masunci abu ɗaya suke jira, wato ambaliya, makullinta kuma yana Tiga. A 1993 aka yi taro a Kuru inda aka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da damina don a kwaikwayi ambaliyar da. A 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Hukumar raya ƙasashe ta Ingila ta zo da nata aikin, ta tara manoma da masunta da makiyaya da sarakuna suna zama da jami'an gwamnati. Ƙololuwar abin ita ce taron Damaturu na 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, inda jihohin shida da gwamnatin tarayya suka amince da tsari guda na kula da kogin, suka kafa asusun haɗin gwiwa mai ofishi a Damaturu, kowace jiha ta yi alkawarin naira miliyan 100, tarayya ta ƙara nata. A shekarar da ta biyo aka rubuta daftarin yarjejeniyar rabon ruwa.

A yi adalci, wannan ba aikin banza ba ne. An yashe hanyoyin ruwa, jama'a sun fito gayya da lauje da adda sun sare kachalla, ruwa ya koma wuraren da ya yi shekaru bai je ba. An samu ƙididdigar ruwa guda wadda kowa ya yarda da ita, abin da a da babu. Muryar mutanen ƙasa ta yi ƙarfi a kan batun Kafin Zaki, madatsar da aka daɗe ana son ginawa a kan Jama'are, kogin da yanzu shi ke ba da mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa. Har yau ba a kammala ta ba, kuma ƙorafin Yobe da Borno na cikin dalilai. Sai dai kachalla da aka sare bana, baɗi tana nan, domin abin da ke shayar da ita bai sauya ba. Ambaliyar 2022 kuma, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Haɗeja da Kirikasamma, ta nuna cewa kogin da hanyarsa ta toshe, in ruwa ya yi yawa, cikin gari yake shiga.

To me ya raba su? Mai gaggawa zai ce kuɗi, ko ya ce Turawa sun fi mu riƙon amana. Ni ban ga haka ba, don Haɗeja ma ta ga kuɗin Turawa. A ganina abin da aka nemi hukumomi su yi a wuraren biyu ne ba iri ɗaya ba.

A Keita ƙari aka yi. Ruwan da aka tare a tudu ruwa ne da da ma asara yake tafiya, ba a ƙwace shi daga bakin wani babban mai iko ba. Jami'in daji ya samu itatuwan da zai nuna, jami'in gona ya samu hekta, mai ba da abinci ya samu inda zai kai shi da dalili, gwamnati ta samu abin faɗa a rediyo. Haɗin gwiwar da kowa zai tashi da riba ba shi da wuyar ƙullawa. A Haɗeja kuwa rabo ake nema. Kowace mita ta ruwa da za a saka a Agusta don fadama, ruwa ne da ba zai kasance a Tiga ba a watan Maris lokacin da mai tumatir ke nemansa. Dole wani ya haƙura da wani abu. Irin wannan zama, shayi da jawabi ba sa gama shi. Sai da alƙali, da ƙa'ida rubutacciya, da hukunci ga wanda ya saɓa.

Sannan akwai nisa. Matar da ta jera duwatsu a tudun Keita, gonar gidansu na nan ƙasa da ita, da damina za ta ga bambanci da idonta. Mai wahala da mai cin moriya mutum ɗaya ne, ko aƙalla 'yan gari ɗaya. Manomin Kura da masuncin Gashuwa kuwa ɗaruruwan kilomita ke tsakaninsu, ba jiha ɗaya ba, ba sarki ɗaya ba, ba gwamna ɗaya suke zaɓa ba. Na sama bai taɓa ganin ɓarnar da ruwansa ke yi ba, kuma ba mugunta ce ta hana shi gani ba. Gwamnan da zai ce a rage wa manomansa ruwa don mutanen wata jiha, me zai faɗa ranar kamfe?

Amma babban abin, wanda duk sauran ke rataye a kansa, shi ne wa ke riƙe da makulli. A Keita ofishi guda ke da kuɗi, da injina, da abinci, da goyon bayan gwamnati. In an yanke shawara da safe, da yamma an fara. A Haɗeja asusun Damaturu na iya ba da kuɗin yashe hanya, amma ba shi da ikon cewa a buɗe ƙofar Tiga ranar kaza a rufe ranar kaza. Wannan iko na hannun hukumar da aka kafa tun asali don faɗaɗa noman rani, wadda da yawan hektar da ta shayar ake auna ƙoƙarinta. Ita ke rabon ruwan, ita ce kuma babbar mai buƙatarsa. Ba laifin ma'aikatanta ba ne, haka aka gina ta. Yarjejeniyar rabon ruwa ta yi shekaru tana jiran a mai da ita abin da zai ɗaure kowa, ƙudirin dokar ruwa ta ƙasa kuma ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya saboda rigimar siyasar da ba ta da alaƙa da kachalla. An tara masu magana, an bar mai makulli da makullinsa.

Kada wannan ya sa a ɗauka Keita aljanna ce. Saurin da aka yi a can yana da farashi. Zamanin soja ne aka fara, kuma abin da ake kira haɗin gwiwa, tsakanin manya ne. Talakawa da farko ƙarfinsu aka nema fiye da shawararsu. In aka raba kuɗin da aka kashe da hektar da aka farfaɗo, kowacce ta haura dala 2,000, ko da yake cikin kuɗin akwai hanyoyi da rijiyoyi da gine-gine. Babu manomin Adar da zai iya maimaita wannan da aljihunsa, babu kuma ƙaramar hukumar da za ta iya sayen irin injinan. Shingen waya in ya yage sai an nemo waya, madatsa in ta cika da yashi sai an nemo mai kwashewa, kuma bayan masu kuɗi sun tafi ba kullum ake samun mai ɗaukar nauyi ba. Tudun da aka mai da gona, a da makiyaya ce ta Fulani da Buzaye, ko da ba ta da kirki. Da ta yi daraja sai aka fara tambayar ta wa ce, tambayar da dokar filayen karkara ta Nijar ta 1993 ta zo tana ƙoƙarin warwarewa. Wata baƙuwar ƙaya mai suna Prosopis, da aka dasa don juriyarta, ta yaɗu ta zama abin kuka a wasu kwaruruka. Yunwar 2005 kuma ba ta tsallake Adar ba.

Ba nisa da Keita, a yankin Illela da Badagishiri, wani ƙaramin aiki ya kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako a zuba taki a shuka. Suka dawo suka inganta tassa, wato irin waɗannan ramuka nasu na gargajiya, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har aka kai ana sayen fako da kuɗi don a gyara shi. Ba injin, ba buhun abinci. Wanda ke son sanin abin da ke ɗorewa bayan an naɗe tabarmar aiki, ya duba can ma.

Saboda haka in aka tambaye ni wanne ya fi yin aiki a ƙasa, Keita ne, ba gardama. In aka tambaye ni wanne ya ɗauko tambaya mafi nauyi, Haɗeja ce. Kuma tsarin Damaturu, wato jihohi su zauna a matsayin tsara, su zuba kuɗinsu, su yarda da lissafi guda, shi ne daidai ga kogin da ya ratsa jihohi shida a ƙasar da ake zaɓe. Ba za a samu wani Carucci da zai ba gwamnoni shida umarni ba, bai ma kamata a nema ba. Abin da tsarin ya rasa haƙora ne.

Akwai abin da Haɗeja za ta ara daga Keita, duk da haka. Yashin da ke cika madatsai da hanyoyin ruwa daga gonaki da kwazazzaban saman kogi yake fitowa, a ƙasar Kano da Bauchi da Filato, kuma can ne aikin kunya da shinge da dashe zai yi amfani, ƙaramin kwari bayan ƙaramin kwari, da hannun mutanen wurin, a biya su. Haka ma ajiye masu yanke shawara kusa da ruwan da suke yanke wa shawara. Najeriya da Nijar ma ba baƙin juna ba ne a wannan fage: yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da suka yi tarayya a kai ta ambaci Magiya, mai gangarowa daga Adar, da Gulbin Maraɗi, da Komadugu Yobe a takarda ɗaya.

Dalilin tayar da wannan magana yanzu shi ne shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700, don jihohin arewa 19 da Abuja, ƙarƙashin ma'aikatun muhalli da gona da ruwa, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1. Irin wannan shiri da abin da ake ƙirgawa ake auna shi: itace nawa, hekta nawa, kilomita nawa aka yashe. Jarabar da ke gabansa ita ce ya yi aikin Keita a ko'ina, don shi ke da daɗin rubutawa a rahoto, ya kauce wa tambayar Haɗeja don ita ke ɓata wa manya rai. In aka yi haka, za a sayi injinan sarar kachalla, a sare ta, a ɗauki hoto, ta sake tsirowa.

Kirana ga gwamnonin Jigawa da Yobe da Borno, da 'yan majalisar da ke wakiltar Haɗeja da Nguru da Bade da Gaidam, da sarakunan yankin: kafin a sake karɓar wani injin, a nemi jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa a rubuce, wanda jihohi shida suka sa wa hannu, mai ɗauke da ambaliyar damina gwargwado da kuma lokacin da za a bar hanyoyin fadama su bushe da rani. A riƙa karanta awon ruwan Wudil da Haɗeja da Gashuwa a rediyo kowane mako, da Hausa da Kanuri da Badanci da Fulatanci, yadda manomi zai san abin da ke tafe. Kuma kada a sake ɗora ko bulo ɗaya a Kafin Zaki sai an ga wannan jadawali yana aiki.